Injin Yana Jos, Ni Ina Haidarabad

Saura kaɗan in bar labarin nan a cikina. Na yi yawo daidai gwargwado: na kwana a tashar motar Garwa, na ci tuwon Kumasi, na yi ɓatan kai a Jidda, kuma duk waɗannan in ina ba da su a majalisarmu ta Laranto har mai shayi tsayawa yake yi da kofi a hannu. Amma wannan fa? Labarin da mai shi ke zaune a kan kujera yana kallon gilashin kwamfuta? Na ce wa zai saurara. Sai dai duk cikin tafiye-tafiyena babu wadda ta tatse ni kamarta. To bari dai in faɗa, wanda ya gaji ya yi hamma, ba zan ji haushi ba.

Lokacin da wayar salula ta fara kama gari, ina aiki a wani kamfanin fenti da kwanon rufi a nan Jos. Ni ne mai ɗakin kwamfuta tun zamanin da ake sa faifai a aljihu kamar biskit. Sai masu kamfani suka sayo wani ƙaton tsari, ERP suke ce masa, wanda ya haɗa sito da ofishin saye da na sayarwa da na albashi wuri ɗaya. Mai sito ya fitar da bokitin fenti, nan take akawu ya gani. Duk abin da aka shigar yana zuwa ya kwanta a rumbun bayanai guda, cikin babban injin da ke ɗakina. Abu ya yi kyau. Matsalar ita ce mutanen Legas da suka kafa shi sun tattara sun koma, kuma injin nan ko tari ya yi sai an sa ɗayansu a jirgi. Ni mai ɗakin, iyakata in share ƙura in canza tef ɗin ajiya duk ranar Lahadi.

Oga Pam, manajanmu, mutum ne mai raha amma ba ya zagaye-zagaye. Ya kira ni ya ce, "Malam Sabo, masu kamfani sun ce a kwashe injin nan a kai Legas, a rufe ɗakinka. Na roƙa maka dama ɗaya. Ka je Indiya ka koyo. In ka dawo kana iya riƙe shi da kanka, ya zauna. In ba ka iya ba, ka san sauran."

Na san sauran. Na haura arba'in, yara suna makaranta, kuma ba kamfanin da ke neman tsohon mai share ƙura. Na miƙa wa Anti Ladi, shugabar akawunmu, makullin ɗakin, na nuna mata yadda ake canza tef, na kama hanya.

Abin da ya fara tarbata a Haidarabad zafi ne. Ba irin na Kano ba, ba irin na Makka ba. Wani zafi ne da yake bin mutum har cikin inuwa ya zauna kusa da shi. Ni kuwa mutumin Jos ba ya tafiya ba rigar sanyi, uwargida ta cusa mini har uku da hular ulu. Direban keken da ya ɗauko ni ya ga ina jiƙe sharkaf, ya ce, "Kai ba daga Afirka kake ba?" Na ce masa, "Daga Jos nake, ɗan'uwa. Mu a can har wuta muke ji da safe." Ya yi dariya, ya ɗauka zolaya ce.

Dillalin da kamfani ya biya don ya nema mini makaranta sunansa Mista Raju. Ɗan siriri, gashi ya sha mai, ga fara'a kamar ya san kakana. Ya kai ni wata unguwa inda kowane bene daga ƙasa har sama allunan makarantun kwamfuta ne, wani kan wani, har ba ka ganin taga. Muka hau wani matsattsen matakala muka shiga ɗaki cike da samari, gwiwa na gugar gwiwa. Malami yana tsaye yana nuna mana hoton gilashin kwamfuta a bango. Hoto fa. Ya ce in abu kaza ya faru sai ka danna nan. Kowa ya rubuta. Ya canza hoto.

Bayan sati na samu Mista Raju na ce, "Yaushe za mu taɓa injin da hannunmu?"

Ya kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka sanin e ne ko a'a, ya ce da Turanci, "Gobe, sa."

Goben Raju ta yi ta haihuwar gobe. Da na matsa, sai ya kai ni wani lungu ya nuna mini kwamfuta ɗaya da mutum fiye da ashirin ke layi a kai, kuma ko tsarin ba a ɗora mata ba. Na ce masa ba wannan aka aiko ni koya ba. Sai ya yi murmushi, ya ja durowa, ya zaro takardar shaidar kammala karatu. Ga sunana da ruwan zinare, ga tambari, ga sa hannu, komai ya cika.

"Ga ta, sa. Me ya rage? Ka huta, ka ga gari, ka saya wa madam sari, zanen matanmu."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na daɗe ina kallon takardar nan. Ta yi kyau. Da na kai wa Oga Pam ita, har bango zai sa a rataye ta. Amma injin da ke ɗakina ba ya karatun takarda. Ranar da ya kwanta, ni da shi ne za mu kalli juna. Na tura masa abarsa na ce ya maido kuɗin kamfani in nemi wani wuri. Nan fa Turancin Mista Raju ya ƙare. Washegari ma aka ce ya yi tafiya ƙauye, kakarsa ba lafiya. Har na baro ƙasar kakar nan ba ta warke ba.

Na koma masauki na zauna a bakin gado. Ban rubuta wa Oga Pam ba, don na san in masu kamfani suka ji an damfare mu, tikitin dawowa za su aiko, su aika da injin Legas. Ina cikin wannan tunani sai na ji wani a matakala yana cewa, "Kai! Wannan zafi zai kashe mutum, wallahi!"

Da Hausa. Kuma Hausar Jos, wadda ko a cikin barci na ji ta zan gane. Na fito ba takalmi. Wani ƙaton Inyamuri ne ɗauke da kwali a ka.

Na ce, "Ɗan wace unguwa?"

Ya sauke kwalin a hankali ya ce, "Apata. Kai fa?"

"Laranto."

"Chineke! Malam, abeg zo in taɓa ka, ko aljani ne."

Sunansa Okey, a Jos aka haife shi, yana zuwa saro magunguna ne ya kai shagonsa. Tun bayan rikicin Jos ɗin nan ban ƙara taka unguwarsu ba, shi ma bai taka tamu ba. A gida da wuya mu zauna benci ɗaya a shekarun nan. A Haidarabad kuwa tukunya ɗaya muka koma ci. Wata rana ya ce zai yi mana gwate, faten nan namu na Jos. Ya samo ɓarzajjen alkama da alayyafo da wani abu mai tsami da ya rantse ɗan'uwan yakuwa ne. Abin da ya fito, Allah na tuba, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Muka cinye tas.

"Malam, matana ya fi ni iyawa," in ji shi.

Na ce, "Ko makaho ya fi ka iyawa, Okey."

Ranar wata Lahadi ya ja ni bayan gari wai in sha iska. Muna sauka daga bas sai na tsaya cik. Duwatsu ne, manya-manya, wani ɗore kan wani kamar da hannu aka jera su, sak irin na hanyar Kuru. Har launin ɗaya. Na zauna a kan ɗaya na dafa shi, yana da zafi kamar kaskon masa, amma ban ɗauke hannuna ba. Okey ya juya baya yana ta gyaran igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Shi ne ya samo mini bakin zaren. A kamfanin da yake sayen magani akwai wata mata, Madam Sujata, ita ke riƙe da irin tsarinmu, kuma aka ce tana koyar da mutane kaɗan a garejin gidanta da sassafe da kuma ranar Asabar, a kan inji na gaske. Na je. Gajeriyar mace ce mai tabarau, ba ta da lokacin wasa. Ta saurare ni har na gama, ta kalli hannuwana ta ce, "Da yatsa nawa kake bugawa?"

Na ce, "Biyu, Madam, amma masu biyayya ne."

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce aji ya cika, an yi nisa, kuma abin da nake so ba a koyonsa a ɗan lokacin da ya rage mini. Ta rufe ƙofa.

To, a nan ne tarbiyyar gida ta yi mini rana. Babana, Allah ya jiƙansa, haƙar kuza ce ta kawo shi Jos, kuma yakan ce in kana neman abu wurin babba, ka faɗa sau ɗaya. Ya ji. Kada ka ƙara maimaitawa, sai dai ka riƙa zuwa gaisuwa. Saboda haka kullum in na yi sallar asuba sai in hau bas in sauka a layinsu. Lokacin matan unguwar suna share ƙofar gida suna yin zanen farin gari a ƙasa. In tsaya daga gefe don kada in taka, in jira ta fito.

"Barka da asuba, Madam. An tashi lafiya? Ya gida? Ya yara? Ya maigida? Ya gajiya? Ya aiki? Ya muka ji da zafi? To madalla. Na bar ki lafiya."

In juya in tafi.

Ku dai kun san gaisuwarmu da Hausa ruwan sanyi ce. To da Turanci sai ta koma kamar tambayoyin ɗan sanda. Ranar farko ta bi ni da kallo. Rana ta uku mijinta ya fito da jarida a naɗe a hannu ya tsaya yana dubana sama da ƙasa, shi ma na tambaye shi ya gajiya. Okey ya ce, "Malam, za su kira maka polis, ni ba ruwana." Na ce gaisuwa ba laifi ba ce ko a Indiya.

Wadda ta fara fahimtata surukar Madam ce, wata tsohuwa da ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya. Ita ta gane abin da nake yi. Ta fara jirana a kan dakali. In yi mata da Hausa, ta amsa da yarensu, mu yi ta jerawa, kowa na gyaɗa kai. Daga baya ta fara ajiye mini kofin tsala mai gishiri da ɗan ganye a ciki, ta nuna rana ta nuna kaina, wato maganin zafi ne. Na daɗe ban sha abin da ya kwantar mini da rai kamar tsalar nan ba.

Sai ciwon ciki ya kayar da ni, na kwana biyu ban fita ba. Da na samu ƙarfi na lallaɓa na je, ina isa na tarar da Madam Sujata tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Ina ka shiga? Surukata ta hana kowa sakat a gidan nan. Ta ce mun kori baƙo ya je ya mutu."

Na ce, "Ban mutu ba, Madam. An tashi lafiya? Ya gi..."

"Tsaya, tsaya. Mista Sabo, me kake so?"

"Gaisuwa na zo yi."

Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce, "Akwai kujera ɗaya kusa da ƙofa, fanka ba ta kaiwa wurin. Za ka biya kamar kowa. In ka makara sau ɗaya, ka koma gaisuwa."

Kuɗin abincina na miƙa mata, na koma dogaro da tukunyar Okey. Allah ya saka masa, ko da yake cikina bai yafe masa ba.

Koyarwar matar nan daban ce. Sai ta ce mu je mu sha shayi a bakin titi. Kafin mu dawo ta lalata injin da gangan: ta goge wani fayil, ko ta cika faifai, ko ta ɓata wani saiti. Ta zauna tana yankan kuɓewar miyarta, ta ce, "Kamfani ya tsaya. Ku tada shi." Samarin ajin, masu kirana Ankul, yatsunsu kamar ruwan sama, nan da nan sun hau bugawa. Sai ta daka tsawa: "Hannu a baya! Ku karanta abin da ya ce tukuna." Ni da ma yatsuna ba sa sauri, sai wannan doka ta zo mini daidai.

A wurinta na gane abin da na shekara ina yi ban sani ba. Tef ɗin da nake canzawa hoton rumbun ne na ranar da aka ɗauka. Amma ban da shi, injin yana ajiye sawun kowane aiki da aka yi, ɗaya bayan ɗaya, a wasu ƙananan fayiloli. In wani ɓangare ya lalace, sai ka ɗauko tsohonsa daga tef, ka sa injin ya bi sawun nan har ya iso inda aka tsaya. In ka rasa sawun, ka rasa duk abin da aka yi bayan tef. Ta ce, "Wanda bai taɓa gwada dawo da kaya daga tef ba, ba shi da ajiya, fata kawai yake da shi." Na ce mata mu a wurinmu cewa ake ba a fafe gora ranar tafiya. Ta sa na fassara, ta ce to in daina karin magana in fafe.

Na sha kaye. Sau nawa ina tada rumbun ya tashi babu rabin kayansa, samari suna ƙunshe dariya. In koma masauki in zana madannai a kan kwali in yi ta bugawa har Okey ya ce na fara taɓuwa. Na roƙe ta ta riƙa zare wa injin wuta yana tsakiyar aiki, don a Jos wannan ce cutar da ta fi kama shi. Ta ce injinta tsoho ne, in ya mutu ni zan auri gawar. Amma ta zare. Ta kuma zarewa. Har na kai in an zare gabana ba ya faɗuwa.

Wata Asabar da tsakar rana, saura kaɗan lokacina ya cika, muna gareji sai ga Okey a keke, yana ɗaga wayarsa sama. Lambarsa na ba ofis saboda ko ta kwana.

"Malam! Oga naka ya kira sau uku. Ya ce injin ya mutu!"

Muka ruga rumfar waya ta bakin layi, irin mai gilashi da mita a sama. Madam Sujata ta ajiye kuɓewarta ta biyo mu a hankali da lema. Can Jos safiya ce. Oga Pam ya ɗauka tun kafin ta yi ƙara biyu.

"Sabo! An ɗauke wuta, janareto ya tashi da ƙarfi ya mutu, ya sake tashi. Yanzu injin ya kunnu amma rumbun ya ƙi buɗewa. Motoci na layi a sito, ba a iya fitar da ko gwangwani. Albashi jibi. Na kira Legas, injiniyansu ba zai samu zuwa ba sai Talata. Ya ce in muna sauri mu share komai mu ɗora tef ɗin Lahadi, aikin sati guda a sake shigarwa da hannu. Ladi tana gaban injin, yanzu za ta fara."

Na ce, "Oga, don girman Allah ka ce ta ɗauke hannunta."

"Kana da wata dabara?"

"Ina da ita."

Ya ce, "Ka ji ni da kyau. In ka gwada ya ƙara lalacewa, ranar Litinin da hannuna zan sa hannu a kai shi Legas. Ba zan iya kare ka ba."

Na juya na miƙa wa Madam Sujata kan wayar. Ta maida hannuwanta baya, kamar yadda take sa mu yi. Ta ce, "Ba injina ba ne."

To. Na share zufa na ce a ba ni Anti Ladi.

"Malam Sabo, ni fa akawu ce," in ji ta. "Baƙin allon nan tsoro yake ba ni."

"Anti, ina kwana? Ya yara?"

"Wane irin ina kwana kuma, gida na cin wuta!"

"Ba ya ci. Karanta mini abin da ya rubuta, a hankali, har da lambobin."

Ta karanta. Na sa ta maimaita. Fayil ɗaya ne wutar ta kama yana tsakiyar rubutu, sauran lafiyarsu lau. Na ce kafin mu taɓa komai, sai mun kwafe sawun nan gaba ɗaya da fayil ɗin da ya lalace zuwa wani faifai, don in mun yi kuskure mu samu wurin komawa. Na fara ba ta umarnin harafi-harafi, layin waya yana ta shaƙewa.

"K, ta Kuru. L, ta Laranto. B."

"Wace B? Ta Bukuru ko ta Barikin Ladi?"

"Duk wadda ta fi kusa da ke, Anti!"

Ta yi dariya, ta ci gaba da bugawa.

Kwafin ya ɗauki lokaci mai tsawo. Na ajiye waya na zauna a kan kujerar da mai rumfa ya ba ni, Okey ya sayo ruwan rake, Madam tana tsaye ƙarƙashin lema. Duk kiran da na sake yi, Oga Pam ne ke fizge wayar. "Sabo, direbobi sun fara zagina. Ba za a tsallake wannan kwafin ba?" In ce, "Oga, ba za a tsallake ba." Ban taɓa ce wa mutumin nan a'a ba sai ranar, kuma na faɗa ya fi sau uku.

Da ya gama, muka ɗauko tsohon fayil ɗin shi kaɗai daga tef ɗin Lahadi. Sannan na ba ta umarnin bin sawu. Injin ya fara tambaya ɗaya bayan ɗaya, tana danna masa, tana karanto mini. Litinin ta wuce. Talata ta wuce. Muna cikin Laraba sai ta ce, "Malam, ya tsaya. Ya ce bai ga na gaba ba."

Rumfar nan ta ƙara zafi. In sawu ya yanke a tsakiya, ba a tsallakawa. Na kalli Madam Sujata ta cikin gilashi. Ta kaɗa mini kai irin nasu. Har yau ban san me take nufi ba.

Na rufe ido na karanta abin a zuciyata kamar ina gareji. Bai ce ya lalace ba, cewa ya yi bai gani ba. Abin da ba a gani ba yana iya kasancewa wani wuri. Na tuna Madam ta taɓa nuna mana cewa masu kafa tsari sukan buɗe wuri na biyu inda sawu ke zuba in na farko ya cika. Inda mutanen Legas suka sa namu kuwa, su kaɗai suka sani.

Na ce, "Oga, ka kira injiniyan nan a ɗaya wayar. Ka gaishe shi da kyau tukuna, ka ce Sabo na gaishe shi. Sannan ka tambaye shi ina sawu ke zuba in wurinsa ya cika."

Ina jin Oga Pam daga nesa yana magana. Injiniyan, bawan Allah, bai ɓoye ba, ya faɗa, har ya ce a gaya mini in wannan hanyar na bi to in ci gaba, daidai ne. Anti Ladi ta leƙa wurin. Suna nan jere, daga Laraba har safiyar ranar. Muka nuna wa injin hanya, ya ci gaba da bi. Alhamis. Juma'a. Sai ta ce, "Ya ce ya gama."

"To rubuta masa ya buɗe."

Na ji ƙarar madannai, ɗaya-ɗaya. Mitar waya tana ta gudu a saman kaina.

"Ya buɗe."

"Kada ki yi murna tukuna. Mene ne abu na ƙarshe da kika shigar kafin a ɗauke wuta?"

"Kwanon rufin wani mutumin Mangu."

"Duba."

Na ji tana numfashi. Sai ihu: "Yana nan! Yesu na gode, yana nan, har da kuɗin mota!" Bayanta na ji sito gaba ɗaya ya ɗauki sowa. Na ce alhamdu lillahi, na zauna a ƙasan rumfar. Okey yana waje yana rawa da kofin rake, Indiyawa sun taru suna kallon ikon Allah.

Madam Sujata ta naɗe lemarta ta ce, "Ka daɗe kafin ka gane saƙon farko. Litinin ka zo da wuri." Ta yi gaba. Sai da ta kai ƙofar gida ta juyo ta ce, "Mista Sabo. Ya gajiya?"

Na dawo Jos ana tsakiyar damina, na sauka cikin yayyafi, na tsaya a waje da gangan har sanyi ya shige ni. Washegari na shiga ofis. Oga Pam bai yi dogon jawabi ba. Ya ce, "Masu kamfani sun ce injin ya zauna. Ka rubuto abin da ɗakin ke buƙata." Na ce abu na farko batir mai riƙe wuta, na biyu inji ƙarami na gwaji da za mu riƙa lalatawa da gangan. Ya dube ni kamar zafin Indiya ya taɓa mini kai, amma ya sa hannu.

Na nufi ɗakina. Anti Ladi tana tsaye a bakin ƙofa, tana juya makullin a ɗan yatsa. Na miƙa hannu, ta ɗaga makullin sama.

"Tsaya tukuna, Malam Sabo. Mutane sai yabonka suke yi. Ni dai ka gaya mini tsakaninka da Allah: da ni da na zauna na danna da hannuna, da kai da kake can kana ta surutu a waya, wa ya tada injin nan?"